Ƙanin Frau Pangerl

Ranar Laraba Frau Pangerl ta ɗauko zancen, ina tsugune a gabanta ina saka mata safar nan mai matse ƙafa da likita ya ce kada ta wuni babu ita.

"Kubura, Asabar ɗin nan kina da aiki?"

"Ba ni da shi. Barci zan yi har sai rana ta gaji da jirana."

"To ba za ki yi ba. Javorov za ki kai ni."

Na ɗago na dube ta. Ita kuwa taga take kallo, kamar ba ita ta yi maganar ba.

Shekarata goma sha bakwai a Passau, tara daga ciki ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Frau Pangerl kaɗai na yi shekara huɗu ina zuwa mata kowace safiya, in yi mata wanka, in auna jininta, in jera mata magungunan rana, ita kuma ta yi ta kushe yadda nake haɗa kofi. Shekararta tamanin da biyu, zuciyarta ta yi rauni, amma bakinta lafiyarsa ƙalau. Na san a Javorov aka haife ta, a ƙetaren iyaka, cikin ƙasar Cek, kuma mahaifinta shi ne mai lambun fadar garin kafin a kori Jamusawan yankin bayan yaƙin duniya na biyu. Rabin tsofaffin da nake kula da su labarinsu ke nan. Sai dai su sukan koma su gani, wasu ma duk shekara a motar coci. Ita ko da aka buɗe iyaka ba ta taɓa leƙawa ba.

"Reinhard ya sani?" na tambaye ta. Shi ne ɗanta tilo, yana zaune a Munich.

"Reinhard ni na haife shi ko shi ya haife ni?"

"Frau Pangerl, kin san dokar kamfaninmu. Ba a ɗaukar mai jinya a motar ma'aikaci."

"Ranar Asabar ni ba mai jinyarki ba ce. Tsohuwa ce kawai mai son ganin furanni kafin ta mutu. Ko shi ma akwai doka?"

Da na bi shawarar zuciyata da na ƙi. Wata biyar ke nan takarduna na neman zama 'yar ƙasa suna ofis, kuma matar da ta karɓa ta ja mini kunne cewa ko cacar baki da maƙwabci kada ta kai ni gaban 'yan sanda kafin a gama. Amma a shekara huɗu tsohuwar nan ba ta taɓa roƙona komai ba, umarni kawai take bayarwa. Ran nan kuwa da na miƙe zan tafi sai ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Don Allah."

Ranar Asabar muka isa fadar Javorov wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Na fito mata da keken dogarawarta daga bayan mota, na miƙa hannu zan karɓi jakarta in rataya, ta maƙale ta a ƙirji. Jakar ta yi nauyin da ban san ta da shi ba, har wani abu ke ƙara a ciki in ta motsa.

"Me kika zuba a ciki haka, duwatsu?"

"Kayan mata. Ke dai tura ƙofa."

Mu goma sha biyu ne a zagayen cikin fadar da ake yi wa baƙi da Jamusanci. Aka ba kowa manyan silifan ulun nan da ake ɗorawa a kan takalmi don kada a goge katakon ƙasa. Wadda za ta zagaya da mu mace ce da za ta yi shekara hamsin da 'yan kai, gajeren gashi, tarin makullai a ƙugu da oba-oba a aljihun riga. Ta ce sunanta Vlasta, kada a taɓa komai, kada a tsallake igiya. Da ta zo kan igiya ni ta kalla, ni da ɗankwalina. Na saba, ban ko ɗaga gira ba.

Muka bi ɗaki bayan ɗaki, ina riƙe da gwiwar hannun Frau Pangerl don silifan nan santsi gare su. Ba ta kalli fitilun ƙarau ba, ba ta kalli hotunan masu gidan da karnukansu ba. Ƙasa kawai take kallo. A babban zauren rawa ta tsaya ta nuna mini wani lungu kusa da murhu da haɓarta.

"Nan mahaifiyata take fara goge katakon ƙasa. Da gwiwa, tun daga nan har ƙofar can. Ni nake riƙe mata gwangwanin kakin."

A ɗakin girki na ƙasa Vlasta ta tsaya gaban jerin tukwanen jan ƙarfe, ta ce a da mutum arba'in ke aiki a gidan nan, kuma yawancinsu sun tashi daga garin a shekarar 1946.

"Ba mu muka tashi ba," in ji Frau Pangerl, da muryar da ta cika ɗakin. "Tashin mu aka yi."

Wani mutum da ke ɗaukar hoto ya sauke wayarsa. Na matsa mata hannu, ta fizge.

Vlasta ta dube ta daga sama har ƙasa, ta kira ta da Pani, wato uwargida a yarensu. "Pani, ni abin da aka rubuta mini nake faɗa. Kakana ma mutanenku suka ɗauke shi daga garin nan a shekarar arba'in da biyu, har yau bai dawo ba. Shi ma ba a rubuta mini a takarda ba. Mu ci gaba, ta nan."

Da muka cire silifan na ce wa Frau Pangerl ƙasa-ƙasa, "Kin ce furanni kika zo gani, ba faɗa ba. Mu sha kofi mu kama hanya."

"Ai yanzu za mu ga furannin."

Lambun ya cika da mutane, ranar ta yi kyau. Amarya da ango na ɗaukar hoto a bakin maɓuɓɓugar ruwa, iyalai sun shimfiɗa barguna a can ƙasa wajen tafki. Frau Pangerl ba ta bi inda jama'a ke bi ba. Ta karkata keken nata hagu, ta bi ta bayan shingen da aka aske, tsakuwa na cije mata ƙafafun keke tana turawa da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Muka wuce dogon ɗakin gilashin da ake ɓoye itatuwan lemo in sanyi ya zo. A ƙarshensa akwai sarƙa an gitta, da allo mai hoton tafin hannu a cikin jan da'ira.

"Nan kuma ba a shiga," na ce.

"Ɗaga mini."

"Frau Pangerl, ko makaho ya san abin da allon nan ke nufi."

"Uwar tsoro. A nan na koyi tafiya, wani allo ne zai hana ni?" Ta sunkuya za ta bi ta ƙarƙashi. A raina na hango ta a ƙasa da karyayyen ƙugu, sai na ɗaga sarƙar na waiwaya. Babu kowa.

Bayan ɗakin gilashin wani dogon bango ne na jan bulo, an jera itatuwan tuffa a jikinsa, an ɗaure rassansu sun baje kamar yatsu. A gindinsu kunya ce ta furen wardi, ƙasar baƙa, an kwantar da ita tas. Ta tsaya a ƙofar baya ta ɗakin, ta ɗaga yatsa.

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Ta saki keken. Kafin in tare ta ta dafa bango ta zube a kan gwiwoyinta a gindin itace na uku, ta buɗe jaka. Ta fito da ɗan ƙaramin shebur na dashen fure, sai farar rigar matashi a ninke, sai gwangwanin biskit.

"Me za ki yi?"

"Tsuguna ki ji. Amma ki rantse mini da Allahnki ba za ki faɗa wa kowa ba. Ko Reinhard."

Na rantse, don in samu ta tashi mu bar wurin.

"Ina da ƙane," ta ce. "Alois, muna ce masa Loisl. Satinsa shida. Ranar da aka ce mu hallara a tashar jirgin ƙasa kafin azahar, kowa da abin da zai iya ɗauka, a safiyar ranar ya mutu. Zawo, kuma mama ba ta da ruwan nono. Baba yana sansanin da aka tsare maza. Mama ta ce in ta je ta faɗa za a karɓe shi a jefa inda ba ta sani ba, ko a riƙe ta a tura ni ni kaɗai. Ta naɗe shi a rigar matashi. Ita ta haƙa, ni na riƙe shi. Shekarata tara. Ko nauyin kyanwa bai yi ba."

Ta soka shebur ɗin a ƙasa.

"Da baba ya same mu bayan shekara biyu, ta ce masa a jirgi ya mutu, an binne shi da limamin coci da komai. Har ta koma ga Allah ba ta sake kiran sunansa ba, ni ma ta hana ni. Watan jiya likita ya gaya mini gaskiya a kan zuciyar nan. In na tafi, babu sauran mai rai da ya san an taɓa yin yaron nan a duniya. Zan kai shi wurin uwarsa."

Na dubi gwangwanin, sai a lokacin na gane abin da aka kawo shi ya ɗauka.

"Inna lillahi. Frau Pangerl, kabari ne fa. Ba a tone kabari haka. Ko a addininku ko a nawa. Akwai hanya, a rubuta wa hukuma, a nemi izini, ni da kaina zan taya ki."

"A rubuta? Su amsa bayan shekara biyu? Wa zai karanta amsar?"

"In aka kama mu ke tsohuwa ce, haƙuri za a ba ki. Ni fa? Kin san takarduna suna ofis."

"To tsaya can ki zama ba ki gani ba."

Ta ci gaba da haƙa. Ƙasar mai taushi ce a sama, tana kai tsawon tafin hannu sai ta haɗu da saiwa. Ta kama da hannu biyu tana dannawa, numfashinta na fita da ƙara. Na tsaya ina kallon hanyar da muka fito, ina kallonta. Daga can nesa ina jin dariyar 'yan biki. Da na sake dubanta leɓenta ya fara yin shuɗi, gumi ya jiƙa mata gashin goshi.

"Ya isa. Ba ni nan."

"Za ki haƙa?"

"Ba ni dai."

Na durƙusa na murɗe shebur ɗin daga hannunta. Wallahi ban san abin da na yi niyyar yi da shi ba, ko jefarwa ko ci gaba. Ina riƙe da shi, gwiwata cikin furanni, rami a gabana, sai na ji ƙarar makullai.

Vlasta ce tsaye a kusurwar ɗakin gilashin, da sigarin da ba ta kunna ba a hannu. Sawun keken a kan tsakuwa ta biyo. Ta dubi ramin, ta dubi shebur, ta dube ni. Ta zaro oba-obarta ta yi magana da yarensu da sauri. Ban iya yaren ba, amma kalmar 'yan sanda kusan ɗaya ce a ko'ina.

"Ajiye wannan," ta ce mini da Jamusanci. "Kada ki motsa daga nan. Me kike tonowa?"

"Ba abin da kike tsammani ba ne."

"Me nake tsammani? Duk shekara sai mun kama irinku. Kakarmu ta binne cokulan azurfa, kakanmu ya binne zinariya. Yanzu kuma har 'yan aiki ake ɗaukowa su yi haƙan." Ta juya ga tsohuwar. "Ke kika sa ta, ko ita ta jawo ki?"

Na jira Frau Pangerl ta yi magana. Matar da ta cika ɗakin girki da murya ɗazu, yanzu ta sunkuyar da kai ta dafe rigar matashin a cinyarta, ko uffan.

"Frau Pangerl, ki gaya mata."

Ta ƙara dafe rigar matashin.

"Don girman Allah ki gaya mata. 'Yan sanda fa aka kira."

Ta girgiza kai a hankali, ba ta ɗago ba. Ba tamanin da biyu ba, a lokacin nan 'yar shekara tara ce da uwarta ta ce ta yi shiru.

Maganar tana bakina. Jimla ɗaya ce, in faɗa in fita. Na tuna matar ofis da jan kunnenta, na tuna shekara goma sha bakwai da na yi ina taka-tsantsan kamar mai tafiya a kan ƙwai, ko fitilar hanya ban taɓa tsallakewa ba. Na kuma tuna da sunan wa na rantse minti goma da suka wuce. Na buɗe baki na ce, "Ba ni da abin faɗa. Ita ce mai maganar."

"To kya faɗa a ofishinsu," in ji Vlasta.

Wani dattijo ya ɓullo ta ɗaya gefen bangon yana tura baro, doguwar riga mai ruwan ganye a jikinsa, almakashin aske shinge a aljihu. Shi ma ya ji kiran a oba-obarsa. Vlasta ta kira shi Pan Brabec, ta nuna masa ramin tana bayani. Ya ajiye baron, ya zo ya tsaya a kan furanninsa da na murƙushe da gwiwa, ya daɗe yana kallo. Ya ce da guntun Jamusancinsa, "Shekara shida ina lallaɓa wardin nan."

A nan ne Frau Pangerl ta karkace ta jingina da bango, hannunta a ƙirji, bakinta buɗe kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Na yi wurgi da shebur na kai hannu jakarta.

"Na ce kada ki motsa!" in ji Vlasta.

"Sai ki harbe ni!" Na zazzage jakar a ƙasa, na samo maganin fesawa, na ɗaga mata harshe na fesa sau biyu. Na kwance mata maɓallin wuya, na riƙe wuyan hannunta ina kallon agogo. Bugun yana gudu yana tuntuɓe. Pan Brabec ya cire rigarsa ya ninke ya cusa mata a baya, Vlasta ta ce za ta kira motar asibiti. Na ce ta ba ni minti uku. Su ne minti ukun da suka fi kowanne tsawo a rayuwata. Kafin su cika shuɗin leɓen ya fara washewa.

Ta buɗe ido. Ba ni ta kalla ba, hannuwan dattijon ta kalla, masu kaushi da baƙar ƙasa a ƙarƙashin farce. Sai ta yi magana da yarensu, 'yan kalmomi kaɗan, a hankali, irin na yaron da ya koyi yare a wurin wasa. Ban taɓa jin ta yi yaren ba. Vlasta ta sauke oba-obar daga bakinta. Daga nan tsohuwar ta koma Jamusanci ta faɗi duka, tun daga tasha har rigar matashi, ba ta yi kuka ba. Inda dattijon bai gane ba Vlasta ta fassara masa, muryarta ta sauka.

Pan Brabec ya cire hularsa ya shafa kai. Ya tambaya, "Itace na uku daga ƙofa?"

"Na uku."

"Ƙofar tana kallon hasumiyar coci, ko tana ba ta baya?"

"Tana kallonta. Ina jin ƙararrawa a fuskata lokacin da mama ke haƙa."

Duk muka ɗaga kai. Hasumiyar tana bayanmu, can ta ƙetaren rufin gilashin.

"Pani," ya ce, "waɗannan itatuwan ni na dasa su da hannuna, shekarar da aka haifi 'yata. Bangon nan ma bai kai shekara hamsin ba. Naki bangon yana ɗaya gefen. An rushe shi ina yaro, lokacin da gonar gwamnati ke ajiye taraktoci a nan. Mahaifina yana cikin waɗanda suka yi aikin."

"Sun same shi?"

"Ba su haƙa ba. Tsakuwa suka zuba a kai, daga baya aka malala kwalta. In nan kuka sa shi, yana nan."

"Me ke wurin yanzu?"

Ya dubi Vlasta kafin ya amsa. "Wurin ajiye motoci."

Frau Pangerl ta shafa rigar matashin ta sake ninke ta, duk da a ninke take.

Ɗan sandan ya iso yana share gumi, shi kaɗai, mai ƙiba, da ɗan littafi a hannu. Bai tambayi kowa komai ba sai da ya miƙo mini hannu. Na ba shi katin zamana. Ya juya shi gaba da baya, ya riƙe, sannan ya dubi Vlasta. Ta fara magana. Ta daɗe tana yi, tana nuna sarƙa, tana nuna tsohuwa, tana nuna ni. Ina kallon bakinta ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Ya nuna ramin da biro. Pan Brabec ya ɗaga kafaɗa ya ce wani abu gajere, ya ɗauki shebur ɗin daga cikin ciyawa ya jefa a baronsa kamar nasa. Ɗan sandan ya dube ni ya daɗe, ya rubuta layi biyu a littafinsa, ya karanta sunana daga katin harafi-harafi yana kwafa. Ya miƙo mini, ya taɓa hularsa ga tsohuwa, ya tafi.

"Me kika ce masa?" na tambayi Vlasta.

"Na ce tsohuwa ta ruɗe ta tsallake sarƙa ta faɗi, ke kuma kika bi ta ki ɗaga ta, ni na yi gaggawar kira. Ramin na Brabec ne, lambunsa ne, ya haƙa inda ya ga dama."

"Sunana da ya rubuta fa?"

"Dole ya rubuta wani abu, an taso shi daga cin abinci." Ta kunna sigarinta sai yanzu. Ta dubi Frau Pangerl. "Ba don ke na yi ba, Pani. Don jaririn ne. Shi bai ɗauke kakan kowa ba."

"Na sani," in ji Frau Pangerl.

Pan Brabec ya cika ramin, ya danne da ƙafa. Muka ɗaga tsohuwar mu biyu muka zaunar a kan kujerar kekenta, na tura ta ta baya muka zagaya. A wurin ajiye motocin ya tsaya ya daidaita kansa da hasumiyar coci, ya nemo wani tabo a jikin ginin inda aka toshe tsohuwar ƙofa da bulo, ya fara taku yana ƙirgawa da yarensu. Ya ratsa tsakanin motoci biyu, ya wuce layin da aka shata wa manyan motocin 'yan yawon buɗe ido, ya tsaya a bakin kwalta, inda wata 'yar siririyar ciyawa ta raba wurin da titi.

"Tsakanin nan da tayar motar can," ya ce. "Fiye da haka ban iya rantsewa ba."

Direban babbar motar yana zaune a matakala yana cin burodi da tsiran nama, yana kallonmu. Frau Pangerl ta ce in tashe ta tsaye. Ta tsaya a kan kwaltar, rana na dukanta, ta yi alamar gicciye, ta kira sunan da ƙarfi sau ɗaya, "Alois Pangerl," kamar mai kiran yaro ya shigo gida. Ni ma na yi abin da na iya a zuciyata. Dattijon ya durƙusa a bakin ciyawar, ya yanka da shebur ɗinta, ya cika mata gwangwanin da ƙasa, ya mayar da ciyawar ya daddanna.

Muka kama hanya ni da Frau Pangerl har muka ƙetare iyaka. Ta ce, "Da kin faɗa musu, da ban ga laifinki ba."

"Da kin gani."

"Da na gani," ta ce.

Motar Reinhard muka tarar a ƙofar gida. Maƙwabciya ta ga fitarmu ta buga masa waya, shi kuma ya yi ta kiran uwarsa ba a ɗauka. Ya ga ƙasa a gwiwoyinta da nawa, ya ga fuskarta, ya hau ni da faɗa tun daga bakin titi. Ya ce sai ya ga bayan aikina, ya ce da ta mutu a hanya fa. Ban tanka ba, don a wannan ɗin yana da gaskiya. Ta bar shi ya gama, ta ɗora gwangwanin a kan teburin girki.

"Kubura, je ki gida. Kai kuma ja kujera ka zauna. Kana da kawu."

Reinhard bai fasa kai ƙarata ba. Ranar Litinin shugabarmu ta kira ni, ta ba ni takardar gargaɗi, aka cire ni daga gidan aka ba wata. Na ci gaba da zuwa ranar Lahadi da yamma a matsayin baƙuwa, wannan babu dokar da ta hana. Wata biyu ina buɗe akwatin wasiƙa da faɗuwar gaba, ina jiran abin da layi biyun ɗan sandan nan za su haifar. Ba su haifi komai ba. Takardata ta fito a watan Nuwamba.

Frau Pangerl ta rasu a watan Fabrairu, a gadonta, da safe. An sa ta a kabarin mahaifiyarta, kuma da na je na ga an ƙara suna na uku a jikin dutsen, na ƙaninta, da shekara ɗaya tak a gabansa.

Bayan Ista wayata ta yi ƙara ina tsakiyar aiki. Reinhard ne, ina jin ƙarar injin manyan motoci a bayansa. Bai gaishe ni da kyau ba, bai kuma ba ni haƙuri ba. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Frau Kubura, ina Javorov. Mai lambun ba ya nan yau. Ta ina zan fara neman wurin?"

Na ajiye kwanon wankan da ke hannuna, na ce masa ya juya ya fuskanci hasumiyar coci tukuna.